Kaka da Kakanni: Buƙatar Gida Mai Lambu Ga Tsofaffin Shasha da Sabon Ibadan

Gabatarwa

Akwai wasu kalmomi guda biyu a Hausa waɗanda ba a bambanta su a rubutu, wato "kaka" da "kaka". Ta farko ita ce lokacin da damina ta naɗe tabarmarta, amfanin gona ya nuna, aka shiga girbi da roro da ɗaurin dami. Ta biyu kuwa tana nufin wanda ya haifi uwa ko uba, namiji ne ko mace, jam'inta shi ne kakanni. Ba maganar asalin kalmomin ce ta kawo ni wannan shafi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ma'anarsu ta yi kama da juna. Manomi yakan shafe watanni yana huɗa da noman firi da maimai, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi, don kawai kaka ta zo ya ci guminsa. Haka ya kamata tsufa ya zame wa ɗan Adam, wato lokacin da zai zauna a inuwa ya ci moriyar abin da ya shuka da ƙuruciya.

To amma akwai waɗanda kakarsu kan zo ta same su babu rumbu, babu inuwa. A wannan ɗan rubutu ina so in yi magana a kan wasu daga cikinsu, wato tsofaffin Hausawa da suka ƙarar da ƙarfinsu a kasuwar Shasha da unguwar Sabo ta birnin Ibadan. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da jama'ar waɗannan wurare za su gina wa gajiyayyunsu gida, kuma gidan ya kasance mai lambu, domin ɗakin kwana da kwanon tuwo kaɗai ba su isa su raya tsoho ba.

Sabo da Shasha a Taƙaice

Hausawa sun daɗe suna fatauci zuwa Kurmi tun kafin zuwan Turawa. Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai harkar ta ƙara bunƙasa: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwa tasu a Ibadan, wadda ake kira Sabo, kusa da Mokola. Wani masanin halayyar jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a tsakanin 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya bayyana yadda rayuwar Sabo ta dogara a kan "mai gida", wato attajirin da yake saukar da fatake, ya ba su masauki da abinci, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu a kan bashi. Ya nuna kuma cewa hatta bara tana da tsari a Sabo, domin makafi da guragu da kutare kowanne rukuni yana da sarkinsa.

Shasha kuwa tana can arewacin birnin, a ƙaramar hukumar Akinyele, ta wajen hanyar Oyo. Nan ne ake sauke kayan gwari da manyan motoci suke ɗaukowa daga Arewa: tumatir daga irin su Kadawa da Kura da Ɗanja, albasa daga irin su Aliero, ga tattasai, ga attaruhu. Tafiya ce ta fiye da kilomita 800 daga Kano. Kowane kwando da ya bar mota ya shiga rumfa, a kan wani ya bi. Wannan "wanin" shi ne ɗan dako, kuma shi ne wanda ba a cika tambayar inda ya shiga ba idan aka daina ganinsa.

A watan Fabrairu na 2021 wata 'yar hatsaniya a kan kayan da suka zube a bakin shago ta rikiɗe ta zama faɗa tsakanin Hausawa da Yarbawa a Shasha. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, sai daga baya cikin watan aka sake buɗe ta. Jama'a da dama sun fake a gidan Sarkin Shasha, Alhaji Haruna Maiyasin, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2025. Masu ƙarfi da kuɗin mota sun hau sun nufi Arewa. Mai karatu, ka tambayi kanka: tsohon da ya yi shekara arba'in rabonsa da garinsu, ga ciwon gwiwa, ga ido ya yi rauni, ina ya nufa a wannan rana?

Wa Ke Riƙe da Wanda Ƙarfinsa Ya Ƙare?

Mafi yawan dattawan Sabo da Shasha suna cikin iyalansu, ana girmama su, ana kai musu tuwo da ruwan alwala. Ba a kansu nake magana ba. Ina magana ne a kan ragowar, kuma kashi-kashi ne. Akwai wanda ya zo ci-rani da niyyar wata huɗu, ciniki bai yi ba, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi, har shekaru suka tura. Akwai wanda bai taɓa haihuwa ba, da wanda 'ya'yansa suka riga shi. Akwai tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda ta rayu da sayar da fura ko ƙuli-ƙuli, yanzu hannu ba ya iya daka. Akwai kuma wanda yake da 'ya'ya, amma su ma ɗaki ɗaya suke haya da mata da yara biyar.

A da, mai gida ne gatan irin waɗannan. Yaronsa da ya tsufa a hidimarsa ba ya rasa zaure da ɗan abin sawa a baka. Yau ciniki ya koma ta wayar salula, kuɗi suna tafiya ta banki, bafatake ba ya buƙatar ya kwana sati biyu a gidan kowa, saboda haka wancan igiyar da ta ɗaure mai gida da yaransa ta yi sako-sako. Ɗan dako kuma ba ma'aikacin gwamnati ba ne balle ya jira fansho. Gaskiya ne a 2019 an ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu, to amma wanda abin da ya samu da safe shi zai ci da dare, me zai ajiye? Abin da ya rage masa shi ne barandar masallaci, ko rumfar da mai ita ya tashi, ko kuma ƙoƙon bara a bakin titi.

A takarda dai ba a manta da su ba. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi a cikin abubuwan da ya kamata gwamnati ta sa a gaba, sai dai yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. An yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, aka kuma kafa cibiyar a 2021, a shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. A nan Ibadan ɗin ma, tun 2012 aka buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma asibiti wurin jinya ne, idan an sallami mutum sai ya koma inda ya fito. Ita kuwa doka ba ta rufe kowa da bargo idan hunturu ya kama.

Kada kuma a ɗauka matsalar raguwa za ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kuma kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, irin tamu.

"Ai Wannan Ba Al'adarmu Ba Ce"

Na san abin da za a fara ce mini ke nan. Za a ce gidan tsofaffi al'adar Turawa ce, su da suke kai iyayensu su ajiye kamar kaya a sito. Za a tuna mini da aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i, inda aka yi umurni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, aka hana ko nuna musu ƙosawa. Wannan gaskiya ce, kuma duk ɗan da yake da hali ya kai mahaifinsa wani gida don ya huta da shi, ya yi abin kunya, ya kuma yi asara. Ba ni da ja a nan.

Inda nake da ja shi ne, wannan hujja ta shafi mai ɗa ne. Wanda ba shi da kowa fa? Idan muka ce al'adarmu ta hana a gina masa gida, to wace al'ada ce ta yarda ya kwana a kan buhu a bakin kwata? Sau da yawa kalmar "al'ada" mayafi ce da muke rufe gazawarmu da shi. Hausawa suna cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Hasali ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato, domin kalmar "gidan gajiyayyu" ba jiya ta shigo Hausa ba, kuma zauren mai unguwa da na malami da na attajiri sun daɗe suna ɗaukar wanda ba shi da masauki.

Wasu za su ce, to a tara musu kuɗin mota mana su koma gida. Wanda yake so, kuma yake da inda za shi, lallai a taimaka masa. Amma mutumin da ya bar ƙauyensu yana saurayi, iyayensa sun rasu, an raba gonar gado babu shi, sa'o'insa sun ƙare, wane gida zai koma? Abokan hirarsa suna Sabo, limamin da zai sallace shi yana Sabo, mai shayin da yake ba shi bashi yana Shasha. Dasa tsohuwar bishiya a sabon wuri kashe ta ne.

Akwai kuma masu fargabar cewa idan aka buɗe irin wannan gida, marasa kunya za su riƙa kawo iyayensu suna zubarwa. Wannan fargaba tana da tushe, maganinta kuma shi ne tantancewa. A unguwa irin Sabo kowa ya san kowa. Sarki da limamai da shugabannin kasuwa sun san wanda ba shi da gata da gaske, sun kuma san ɗan da ya kamata a kira a ja masa kunne.

Me Ya Sa Lallai Sai da Lambu?

A nan ne nake so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa. A ƙauyen Hausa, idan uba ya tsufa ya miƙa wa 'ya'yansa gandu, ba ya naɗe hannu. Yana da 'yar gonarsa ta bayan gida, yana tufkar igiya, yana saƙar asabari ko gyaran danga, yana duba akuya. Tsohuwa kuma tana da yakuwarta da ramarta a bayan ɗaki, kabewa da duma suna hawa danga, idan kaka ta yi ita ce a gaba wajen ɓarar gyaɗa da yankan kuɓewa da tsinkar zoɓo, ta kuma bi gonaki tana kala. Babu wanda ya sa su. Suna yi ne domin mutum yana so a ce da shi "sannu da aiki", ba kullum "sannu da jiki" ba. Ke nan abin da ya saɓa wa al'adarmu da gaske shi ne tsoho ya wuni zaune yana kallon bango.

Binciken masana ya zo daidai da abin da kakanninmu suka sani. A 1976 wasu masana biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a Amurka. Sun raba mazauna gidan gida biyu. Kashi na farko aka ba kowa 'yar shuka a tukunya aka ce shi zai kula da ita, aka kuma bar musu zaɓi a kan wasu ƙananan al'amuransu. Kashi na biyu su ma an ba su shukar, amma ma'aikata ne suke ba ta ruwa. Bayan 'yan makonni sai aka ga na farkon sun fi walwala da kuzari da shiga mutane. Haka kuma a 1991 wani likita mai suna Bill Thomas ya kama aiki a wani gidan tsofaffi a jihar New York, ya lura cewa abubuwa uku ne suke cin mazauna gidan fiye da cutar da ke jikinsu: kaɗaici, da gundura, da jin cewa ba su da wani amfani. Sai ya sa aka kawo tsuntsaye 100 da karnuka 2 da kyanwoyi 4, aka kuma tone filin ciyawa aka mai da shi lambun ganye da furanni. Daga nan aka samo wani sabon tsarin kula da tsofaffi da ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

A Ingila, inda gidajen tsofaffi suke da yawa, ƙarshen kaka yana faɗowa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ganyen bishiyoyi ya zube, rana ta gajarta, sanyi ya fara shigowa. Duk da haka a gidajen da suka san abin da suke yi ba a rufe lambu. Tsofaffi sukan taya tara busasshen ganye a yi taki, a rataya wa tsuntsaye abinci, a shigar da tukwanen shukar da ba ta jure sanyi, a yi miya da kabewar da aka girbe. Babban aikin lokacin shi ne binne irin wasu furanni masu kai kamar albasa, waɗanda ba za su fito ba sai sanyi ya wuce, wajen Maris ko Afrilu. A birnin Landan ma, gidan tsofaffin sojoji na Chelsea, wanda Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682, yana da 'yan filayen da mazauna gidan suke nomawa. Abin lura a nan shi ne, tsohon da ya binne iri a Nuwamba ya ƙulla alƙawari da watan Afrilu, yana da abin da yake jira. Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa ba ne, domin mu muka fi su sanin daɗin ƙasa. Ina nuna cewa su da suka raba tsoho da gona sun gane kuskurensu, suna mai da masa ita.

Ƙarshen Kaka a Lambun Shasha

Bari mu dawo gida mu ga yadda abin zai kasance. A Ibadan ruwa yakan ɗauke ne wajen ƙarshen Oktoba, ya bar ƙasa da sauran danshi, sannan hunturu ya sauko a Disamba da Janairu. Wannan tsakani shi ne lokacin da manoman rani a Arewa suke zuba iri suna gyara fangali, kuma kusan duk tsohon da ke Shasha ya tashi yana ganin wannan aiki, ba sai an koya masa ba.

Aiki na farko shi ne ajiyar iri. A bar kuɓewa da yakuwa da alayyafo su ƙosa a jikinsu, a cire, a shanya, a ɗure a kwalba da ɗan toka. Aiki ne na zaune, ido da haƙuri kawai yake so. Na biyu shi ne shanya. Busasshiyar iskar hunturu ita ce ta fi dacewa da yin kauɗar tumatir da busar da tattasai da kuɓewa da ganyen zogale, ga shi kuwa a kasuwar kayan gwari kullum akwai kwandon da ya fara laushi, wanda mai shi zai so ya rabu da shi da araha ko ya ba da sadaka. Na uku shi ne taki. Ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa da ganyen da ake sharewa a zubar, idan aka haɗa su da kashin shanu daga karar Akinyele aka rufe a rami, cikin 'yan watanni sun zama baƙin taki mai kyau. Abin da yake damun kasuwa da wari shi ne zai ciyar da lambu. Na huɗu shi ne shuka ganyen da ba ya daɗewa: alayyafo ana fara yankarsa cikin mako uku zuwa huɗu, lalo da rama da salak su ma ba sa ɗaukar lokaci mai tsawo.

Sai dai dole a tsara lambun daidai da jikin masu shi. A ɗaga fangali da bulo ya kai ƙugu, yadda mai ciwon baya ba sai ya sunkuya ba. A yi shuka a buhu da tsofaffin bokitai domin wanda ba ya iya tashi daga kujera. Hanyoyi su zama shimfiɗaɗɗu, masu faɗi, saboda mai sanda da makaho. Butar ban-ruwa ta zama ƙarama, a kuma rufe duk wani mazubin ruwa saboda sauro. Haƙa da ɗaukar kaya aikin samari ne, su zo gayya ranar da ba kasuwa sosai. A yi aiki da hantsi da la'asar, a bar tsakar rana da sanyin asuba, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa ƙirjin tsoho. A sami inuwar mangwaro ko darbejiya a shimfiɗa tabarma, a sami ɓangaren mata daban mai sutura, da 'yan kaji da tantabaru. Sannan kada a tilasta wa kowa. Wanda ya ce shi shan hantsi kawai zai yi yana ba da umurni, to wannan ma aiki ne, domin da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ita ce amsata ga mai cewa za a bautar da tsofaffi: abin da aka girbe nasu ne, su ci, su yi kyauta, su sayar su sayi goro.

Akwai wata fa'ida kuma da ba a sayenta da kuɗi. Lalon da muke kaɗawa shi ne Yarbawa suke kira ewedu, alayyafonmu shi ne tete a wurinsu, kuɓewa kuma ila. Tsohuwar Bayarabiya da ta ƙarar da rayuwarta tana kasa tumatir a Shasha ita ma tana iya rasa mai kula da ita. Ni a ganina ƙofar gidan ta kasance a buɗe ga duk gajiyayyen kasuwar, kowane yare yake ji. Bayan abin da ya faru a 2021, kasuwar tana buƙatar wani abu guda da kowane ɓangare zai ce nasa ne, wanda kowa zai ji kunyar ɗaga masa hannu.

Ina Fili, Ina Kuɗi?

Ba a neman gona mai faɗi. Fuloti biyu ko uku sun isa ɗakuna da masallaci da rijiya da lambu. Sabo ta cushe, saboda haka wajen Shasha ne ya fi dacewa, kuma kada a kai shi nesa da kasuwa, domin tsohon ɗan kasuwa yana so ya ji hayaniyarta, tsofaffin abokansa kuma su riƙa leƙowa. A sayi filin da takarda, da sanin sarakunan gargajiya na yankin da ƙaramar hukuma, a yi shi waƙafi yadda ba wanda zai gaje shi.

Game da kuɗi kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin 'yan tumatir da 'yan albasa da direbobi sun saba karɓar kuɗin ƙungiya. Idan aka ɗora wani ɗan abu kaɗan a kan kowace mota da ta sauke kaya, aka ware shi domin gajiyayyu, babu wanda zai ji a jikinsa. Ga zakka, wadda matalauta da miskinai suke sahun farko na masu cin ta. Sharaɗi ɗaya ne: a sami kwamitin amintattu, a riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, domin rashin amana ne ya kashe yawancin ayyukan gayya a ƙasar nan. Wajen shawara da ingantaccen iri kuma ba sai an je nesa ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da aka fi sani da IITA, wadda aka kafa a 1967, maƙwabciyar Shasha ce, ga kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a cikin Ibadan tun 1975. Zuwa da kai ya fi aike.

Namu Rabon, Mu Ɗaliban Harshe

Wani zai ce mene ne haɗin wannan da ɗalibin Hausa? Haɗin babba ne. Yaron da aka haifa a Sabo yau yana jin Hausa da Yarbanci, wataƙila ma ya fi mu iya ciniki da su, to amma tambaye shi mene ne jigo, ko sungumi, ko magirbi, ko bambancin sussuka da shiƙa, ko gandu da gayauna. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganinsu ba. Waɗannan kalmomi suna bakin tsofaffi, kuma ba sa fitowa idan ka zaunar da tsoho ka kafa masa rikoda kana yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Suna fitowa ne idan hannunsa yana cikin ƙasa. A nan ne za ka ji Basakkwace da Bakatsine da Badamagare suna musu a kan sunan ganye ɗaya, ka ji karin magana da tatsuniya da labarin fatauci, ka ji yadda Hausar Kurmi ta ari kalmomi ta kuma ba da aro. Irin wannan lambu ɗakin karatu ne ga mai nazarin karin harshe da adabin baka.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Hausa, musamman na kusa da Ibadan da masu zuwa bautar ƙasa a jihar Oyo, da kada su jira sai an aza tubali. A fara da abin da ya sawwaƙa: a nemi izinin shugabannin unguwa, a rubuta sunayen gajiyayyun da ba su da kowa, a kai wa kowannensu buhu biyu na ƙasa da ɗan irin alayyafo a inda yake kwana, a riƙa komawa ana dubawa. Ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990, tana zuwa ne a bakin kaka, ta dace da fara irin wannan aiki. Sai dai mu je da ladabi, mu durƙusa mu ce "Baba, ina wuni", "Iya, sannu da hutawa", mu nemi yardarsu kafin mu ɗauki muryarsu, kada kuma mu ɗebi ilminsu mu cika kundin digiri mu bar su da yunwa.

Kammalawa

A taƙaice, abin da nake cewa shi ne: riƙon iyaye a gida shi ne asali, kuma babu abin da zai maye gurbinsa. Amma a Shasha da Sabo akwai dattawan da ba su da wannan gata, waɗanda a kan wuyansu tumatir da albasar Arewa suka shiga tukwanen Ibadan shekara da shekaru. Haƙƙinsu ne a kan kasuwar da suka yi wa bauta ta sama musu wurin kwana mai mutunci, da ɗan fangalin da za su ce nasu ne. Matashin da yake sauke kwando yau, da dillalin da yake ƙirga kuɗi, da mu da muke riƙe da alƙalami, duk hanya ɗaya muka ɗauka, in da rai sai mun isa inda suka isa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe na raye, ya sa namu tsufan ya yi albarka, amin.